Wai warin sabon abu ne

Jiya na tarar da ƙanwata ta farke ledar tabarmar wasan nan ta soso mai haɗe-haɗe, mai ABCD da lambobi, tana jerawa a ɗakin da taga take rufe, ɗan wata bakwai na gefe yana jiran a ɗora shi. Tun daga ƙofa warin ya bugi hancina. Na ce fitar da ita waje, ta ce "haba Yaya, ai warin sabon abu ne", ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba.

Nima fa haka na ce a kan ɗana na fari. Ranar da na sayo ranar na shimfiɗa, ya yi rarrafe a kai ya yi barci a kai, yana ciro harafi yana taunawa ni kuma ina ta ɗaukar hoto. Sai ido ya yi ja, ga tarin dare, na ɗora wa sanyi laifi, har fanka na kashe na ƙara rufe taga, kun ji wauta. Ba zan rantse tabarmar ce ba, yara dama suna tari, kuma ni tsoron kada kansa ya bugu da siminti ne ya sa na saya, wa zai ga laifina? Amma wallahi ni kaina idan na zauna a kai kaina na sarawa, na sani, na share don na riga na kashe kuɗi.

Daga baya na gano tabarmar da wani roba ake yin ta mai suna EVA, kuma wajen kumbura shi ya zama soso ana iya samun ragowar wani sinadari, formamid, wanda Tarayyar Turai ta sa cikin masu illa ga haihuwa. A Disamban 2010 Beljiyam da Faransa suka dakatar da sayar da irin waɗannan tabarmin, a 2017 Turai ta fara aiki da doka kan iyakar abin da za su riƙa fitarwa. Jariri kuma hancinsa na manne da tabarmar.

Ku wanke, ku shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana da kwanaki, in warin ya ƙi tafiya ku yar. Kodayake shi formamid ɗin ba shi da wani wari sosai, hanci ba ma'auni ba ne, toh ni da za ku ji tawa ku shimfiɗa bargon auduga mai kauri kawai. Amma ku yaran yanzu sai abin da zai yi kyau a hoto. Ita dai ƙanwar tawa da na fita ta mayar da ita ɗaki.