Madara muka zarga, ashe har da naman

'Yata na da wata bakwai na fara ba ta madarar gwangwani. Ko minti ashirin ba a yi ba leɓenta ya kumbura, wuyanta da ƙirjinta suka yi ruɗu-ruɗu da borin jini, ga amai. Na ɗauka gadon babanta ta yi, don shi ma in ya sha madara cikinsa ya dinga ƙugi ke nan. Likita ya ce sam ba hanyarsu ɗaya ba. Babanta sinadarin laktes ne ya yi masa ƙaranci, wanda ke narkar da sukarin madara, abin iyakarsa hanji. Ita kuwa garkuwar jikinta ce ta ɗauki furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa makamin da ake kira IgE. Madara na shiga, sai wasu ƙwayoyin jiki su saki histamin, shi ke kawo ƙaiƙayin da kumburin. Da aka ɗiga mata ruwan gwaji a hannu aka ɗan soki fatar, cikin minti 15 wurin ya tashi kamar cizon sauro.

Na yi wauta sau ɗaya, na gwada nonon akuya ba tare da na tambaya ba. Furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne da na saniya, borin ya dawo. Ban sake ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na nama. Ta sha cin naman sa da ya dahu lugub, ko gezau. Ran nan ta tsotsi wani yanka da cikinsa ke da sauran ja, nan take fuskarta ta tashi.

"Maman yarinya," in ji likita, "akwai furotin da ake kira albumin a jinin saniya. Yana cikin nononta, yana cikin namanta. Amma wuta na lalata shi."

Nan na gane abin da ya sa tafasa madara bai taɓa yi mana amfani ba: kesin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madara, ko an tafasa yana nan daram. Cikin yaran da madara ke tayar wa, kashi 13 zuwa 20 ne kawai nama ke taɓawa, sai ga tawa a ciki. Likita ya kuma tambaya ko kaska ta taɓa cizon ta, domin akwai wani nau'in borin nama da cizon kaska ke jawowa, wanda sai bayan awa 3 zuwa 6 da cin nama yake tashi. Nata bai jira ko rabin awa ba, don haka aka cire wannan.

Yanzu kowane yanka sai na tsaga shi na leƙa cikinsa kafin ya isa bakinta, kuma ba na sayen abu sai na karanta bayan kwalinsa. Allurar adirenalin na cikin jakata, an koya min inda zan soka a gefen cinya in numfashinta ya sarƙe. Yawancin yara abin na barin su in sun girma. Likita ya ce zuwa na gaba za a gwada ta da ɗan kek mai madara a ciki don a ga ko abin ya fara barin ta, amma a gabansa, ba a gida ba.