Farar ɗamara a Tokyo

Na sauka filin jirgin Narita a farkon watan Oktoba da akwati biyu, a ƙasan ɗaya na naɗe baƙar ɗamarar karate da na yi shekara shida ina nema a Kano. Tun a filin jirgin aka miƙo mini katin zama da suke kira zairyu, aka buga mini hatimin izinin yin aiki na awa 28 a mako a bayansa. Karatun digiri na biyu ne ya kai ni, da tallafin ma'aikatar ilimin Japan, amma duk wanda ya san ni ya san abin da ya fi tsaya mini a rai: in tsaya a kan daɓen katako a ƙasar da wasan ya girma, in koya daga hannun masu shi.

Sati biyu da zuwana na je ƙungiyar karate ta jami'armu. Salon Shotokan suke yi, wanda ya samo tushe daga Gichin Funakoshi, malamin makarantar nan ɗan tsibirin Okinawa da ya kawo karate Tokyo a 1922. Hotonsa na rataye a bangon gaba. Shugaban ɗalibai ya dubi takardar shaidata, ya dubi ɗamarar, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, sannan ya buɗe kabad ya ɗauko mini farar ɗamara sabuwa fil, irin ta masu fara koyo. Ban ce komai ba, na karɓa da hannu biyu, amma a daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya fi ɗamarar wuya shi ne tsarin girma. A gida wanda ya riga ka haihuwa shi ne yayanka, magana ta ƙare. A nan kuwa wanda ya riga ka shiga ƙungiya shi ne senpai, kai kuma kohai, ko da ka ba shi shekara bakwai. Ina da shekara 27, masu ba ni umarni 'yan 19 ne da 'yan 20, tsaran ƙanina na uku. Sabon shiga shi ke zuwa da rabin awa kafin kowa, ya buɗe tagogi, ya cika bokiti, ya matse tsumma, ya dafa shi da hannu biyu ya tura a guje a duƙe daga wannan bango zuwa wancan, layi bayan layi, har daɓen ya ƙare. In an tashi kuma a maimaita. Makonnin farko na ɗauka wulaƙanci ne ake yi mini don baƙo ne ni, baƙar fata kuma. Sai wata rana na zo da wuri ƙwarai na tarar da sensei, wato malaminmu, da kansa, dattijo mai furfura da ya haura sittin, a durƙushe yana kankare wani tabo a bakin ƙofa da farcensa. Bai ɗago ya dube ni ba. Na ɗauki tsummana na kama ɗaya ɓangaren.

Kwana shida a mako muke atisaye, awa biyu zuwa uku. Rabin lokacin a kan kihon yake tafiya, wato tushe: naushi ɗaya, taku ɗaya, kariya ɗaya, ana ƙirga ichi, ni, san har murya ta dushe. Ni da na zo da kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, goma sha a kaina, aka mayar da ni Heian Shodan, ta farkon farko mai motsi 21, na yi wata biyu a kanta. Wai ƙuguna na tashi sama in na yi taku, wai dugadugina na ɗagawa. Gaskiya suka faɗa. Akwai kuma tsayuwar da suke kira kiba-dachi, kamar kana kan doki babu dokin, a bar ka a haka har cinyoyinka su riƙa karkarwa da kansu. A bayan ɗakin an kafa makiwara, wani faifan katako da aka naɗe kansa da igiya ana nausa. Ranar da na fara ganinsa sai 'yan damben da nake kallo ina yaro suka faɗo mini a rai: su hannunsu suke naɗewa da zare, a nan kuma katakon ake naɗewa a bar hannun tsirara. Ƙullin yatsuna biyu sun fashe sun warke ya fi sau uku kafin fatar ta yi kanta.

Duk wannan jiki ne, jiki kuwa yana sabawa. Abin da ya tsaya mini a wuya gaisuwa ce. Kafin a fara da bayan an gama, kowa zai zauna a kan dugadugansa a jere, zaman da suke kira seiza, wanda ya yi kama da zaman tahiya har ba ni da wahala a kansa kamar sauran baƙi. A rufe ido a yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan shugaba ya ɗaga murya, kowa ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu ya sunkuya har goshi ya kusa taɓa daɓe, sau ɗaya wajen bangon gaba, sau ɗaya ga sensei, sau ɗaya ga juna. A saman bangon nan, kusa da hoton, akwai ɗan ƙaramin akwatin katako na addinin Shinto, kamidana. Ranar farko jikina ya ƙi. Kowa ya yi ƙasa, ni kaɗai na rage a miƙe kamar tabarya.

Ban taso a gidan da ba a san ladabi ba. Har gobe a durƙushe nake gaida Hajiyarmu, kuma ban taɓa shiga zauren kakanmu da takalmi ba. Amma goshina a ƙasa abu ne da na keɓe wa Allah shi kaɗai, kuma abin da nake gani a gabana ya yi kama da sujada sosai. Su kuwa a wajensu rei, wato wannan girmamawa, ita ce ƙofar wasan: ƙa'idar farko cikin ashirin ɗin da Funakoshi ya bari ita ce karate da rei yake farawa, da rei yake ƙarewa. Wanda ya ƙi sunkuyawa kamar ya ce ya fi ƙarfin wurin ne. Na lura wasu senpai sun daina amsa gaisuwata.

Na yi sati uku ina juya maganar. Na rubuta abin da nake son faɗa da Japanancina na koyo, wani abokin karatuna ya gyara mini kalmomin girmamawa, na haddace. Bayan atisaye na zauna gaban sensei na ce masa ina girmama shi, ina girmama ɗakin, zan yi kowane aiki, amma addinina bai bar ni in kai goshi ƙasa ga kowa ba sai Mahaliccina. Ya yi shiru mai tsawo, irin shirun da a can ba a katse shi. Sannan ya ce in zauna bayana a miƙe, hannuwana a kan cinya, in runtse ido ƙasa in an ce rei, kuma kada in taɓa makara. Washegari ya faɗa wa shugaban ɗalibai a gaban kowa, jimla biyu kacal, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Sauran rayuwa a hankali ta daidaita. Na koyi karanta harafin alade da na giya a jikin ledar abinci, na gane cewa romon taliyar ramen yawanci na ƙashin alade ne, kuma mirin da suke zubawa a miya giyar shinkafa ce. Shagunan halal na Shin-Okubo suka zama kasuwata, can nake samo naman rago da kuɓewa da barkono mai zafin gaske. Juma'a nakan hau jirgin ƙasa zuwa babban masallacin Tokyo a Yoyogi-Uehara, wanda Musulmin Tatar suka fara ginawa a 1938, Turkiyya ta sake gina shi a 2000. In ƙungiya ta fita cin abinci ana shaye-shaye, nakan je in riƙe kofin shayin oolong, domin rashin zuwa ya fi rashin sha nauyi a wajensu.

A watan Janairu aka yi kangeiko, atisayen tsakiyar hunturu: kwana bakwai a jere, ƙarfe shida na safe, tagogi a buɗe, babu na'urar ɗumama ɗaki. Nakan yi sallar asuba in fito gari da duhu, numfashina na hayaƙi. Sanyin hunturun Kano yana fasa leɓe da kaushi, wannan kuwa cikin ƙashi yake shiga. Ruwan bokitin kamar wuƙa, daɓen kuma in ka taka shi ba takalmi sai ka daina jin yatsunka bayan minti biyar. A kwana na huɗu dugadugina ya tsage yana jini, na bar tabo a layin da na goge da kaina. Wani senpai, ɗaya daga cikin waɗanda suka daina amsa gaisuwata, ya jefo mini filasta ba tare da ya ce uffan ba, ya ɗauki tsumman ya goge jinin.

Ranar ƙarshe aka shigo da babbar tukunya ta shiruko, kunun jan wake mai zaƙi da curin mochi, wato dakakkiyar shinkafa, a ciki. Na tsaya a ƙarshen layi kamar kullum, ina tunanin yadda zan tambayi abin da aka zuba ba tare da na ɓata wa kowa ba. Kafin in kai, senpai ɗin nan ya taho da kwano biyu, da ledar wake da ta mochi a hammatarsa. Ya juya bayan ledojin ya nuna mini rubutun da yatsa, layi layi, ya ce babu alade, babu giya, shi da kansa ya je sayayyar. Muka zauna a bakin ƙofa ƙafafunmu a miƙe muna sha, tururi na tashi, ya tambaye ni yadda ake cewa sanyi da Hausa, na faɗa masa, ya maimaita sau uku har ya kama.