Rediyonmu ya sake magana, ga godiyata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar muka kunna na'ura, jan fitilar nan ta kama, na buɗe baki in yi sallama sai murya ta ƙi fita. Damina ta zagayo ke nan tun daren da tsawa ta faɗa wa eriyarmu ta ƙone mana komai. Kun san sauran labarin, kun bi shi tare da mu, kuma gajiyar da ke jikina ba za ta bar ni in maimaita ba.

Godiya ta farko ga ƙungiyar da ta ba mu tallafin. Sau uku dosiyenmu, wato takardun neman tallafin, yana dawowa, yau asusun banki, gobe takardar meri, wato ofishin magajin gari, jibi a sake lissafi. A lokacin na ji zafi, amma yanzu na ga amfaninsa, don sai da aka tilasta mana muka fara rubuta kowace dala da ta shigo. Kuɗin ya sayi na'urar watsa shiri, faifan hasken rana da batura, da ƙarfen kare tsawa wanda rashinsa ne ya jawo mana wannan asara. Ba albashi a ciki. Yaran da ke gabatar da shiri har yanzu don Allah suke yi, kuma ina so masu ba da tallafi su ji wannan.

Abin da ya hana ni barci shi ne ranar da muka ɗauko na'urar daga cikin Maradi. Mota ta sauke mu, muka hau babura biyu, muna isowa bakin gulbi muka tarar ya kawo. Ko ɗigo ba a yi a wajenmu ba. Duk ɗan yankin nan ya san halin Gulbin Maradi: daga Najeriya yake fitowa ta wajen Jibiya, in an yi ruwa can sai ka gan shi nan ba sallama. Rana ta yi ja, kuma kun san ba a son dare ya riski mutum a dajin Madarunfa a shekarun nan. Ga kwali a hannuna, wahalar shekara guda a ciki. Komawa ba dama, shiga ba dama. Wallahi gwiwoyina rawa suke yi.

Sai ga wani dattijo makiyayi ya fito da sandarsa. Ya dubi kwalin ya ce, "Ɗiyata, mene ne wannan kike rungume da shi kamar jariri?" Na ce, "Baba, kayan rediyo ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku ne masu cigiya?" Ashe shekarun baya karsanarsa ta ɓace, ya aiko yaro da dala ɗari muka karanta cigiya, kwana biyu aka kira daga wani ƙauye aka ce ga ta. Bai ƙara magana ba. Ya tuɓe rawaninsa ya yi gammo, ya aza kwalin a ka, ya shiga ruwa yana laluben ƙasa da sanda. Ruwan ya kai masa ƙirji. Na ga ya yi tangaɗi sau ɗaya, na rufe ido ina salati. Da ya haye ya aje kwalin a kan tudu, ko jiƙewa bai yi ba, ya dawo ya nuna wa masu baburan inda ƙasa ke da tauri. Na ciro jika biyu, ya ture hannuna. "Ɗiyata, ki mayar. Ku dai ku koma bakin aikinku, mun daɗe a duhu."

Maganar nan ta fi mini duk abin da na rubuta a dosiye. Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Nijar a Bankilare a 1999 ake faɗin amfanin irin gidajenmu, amma ni a bakin gulbi na gane shi. Manyan tashoshi suna da nasu aikin, har shirin Studio Kalangou da ake haɗawa a Yamai tun 2016 mutanenmu suna sonsa. Sai dai ba wanda zai faɗa maka daga nesa nawa tiyar gero ta kwana a kasuwar Ɗan Isa, ko murzuna ta shiga gonakin wane gari, ko yaushe masu rigakafi za su iso, ko wa ya rasu a yi masa gaisuwa. A shekarar da muka yi shiru, mutane nawa aka binne 'yan uwansu na nesa ba su ji ba sai bayan bakwai.

An ce ba a faɗin sunan mai alheri, amma ku yafe mini. Inna mai ƙosai ta ƙofar gidan rediyo, ke kika fara kawo kuɗin adashinki lokacin da aka ce sai mun zuba namu kason. Baba maigadi, wata da watanni kana kwana kana gadin ɗakin da ba kome cikinsa sai toka, ba a biya ka ko dala ba. Malam mai gyaran rediyo na bakin tasha, kai ka hau ƙarfen nan da azumin nafila a bakinka. Matan da suka haɗa gero tiya-tiya, limamai, hakimi, samarin kabu-kabu. Allah ya saka muku da alheri. Allah ya sa ku tarar da shi a mizani, ya jiƙan magabatanku, ya shirya muku zuri'a, ya tsare dukiyarku daga ɓarayin daji, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin, amin.

'Yan uwanmu na Yamai da Kano da Kwatano, waɗanda kowace salla kuke kira a miƙa gaisuwarku ga dangi, mun buga waya, mun aika saƙo. Wataƙila lokacin ne ya zo da matsi. Layin dai yana nan yadda kuka san shi.

Cigiyar farko da na karanta jiya ta Baban nan ce, don a ruɗe ko sunansa ban tambaya ba. Dogo ne, da farin gemu, yana kiwo a gefen gulbi. Wanda ya san shi, don Allah ya kira mu.