Jinyar ƙanwata: bororon da magani ya jawo

Ƙanwata tana fama da tari a gidanmu a Tawa, sai wata maƙwabciya ta sayo mata Bactrim wajen masu yawo da magani a tire. Tarin ya lafa. Cikin mako na biyu zazzaɓi ya rufe ta, idanu suka yi jajir, haɗiyar miyau ta gagara. Da ƙuraje masu ruwa suka feso mata a ƙirji, Inna ta ce ƙarambau ne, a bar shi ya gama fitowa.

Abin da ya hana ni kwanciyar hankali shi ne bakinta. Leɓɓanta sun kumbura sun tsattsage, jini ya bushe a kansu ya yi baƙi. Na dafa bayanta zan tashe ta zaune, sai fatar ta zame ƙarƙashin yatsana kamar ɓawon dafaffen tumatir. Nan take muka nufi asibiti.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce: "Malama, wane magani ta fara sha cikin watan nan?" Na miƙa masa kwalin. Ya ce kada ta ƙara ko ƙwaya ɗaya, ciwon Stevens-Johnson ne, jiki ne ke yi wa maganin bore har fatar sama ta rabu da ta ƙasa. Likitoci biyu na Amurka suka bayyana shi a 1922. Idan saɓulewar ta haura kashi 30 cikin 100 na fatar jiki, ana kiransa ciwon Lyell, kuma yana kisa. Ba Bactrim kaɗai ba: Fansidar, Tegretol da Gardenal na farfaɗiya, allopurinol na wani ciwon gaɓoɓi da nevirapine na ƙanjamau duk suna iya jawo shi, galibi a makonnin farko na shan su.

Jinyar irin ta mai ƙunar wuta ce. Ƙarin ruwa ba dare ba rana, zanen gado mai tsabta, ba a fasa bororo, ba a shafa toka ko man shanu ko sassaƙe, duk da masu dubiya ba su daina ba da shawara ba. Koko mai sanyi nake ɗiga mata da sirinji ta gefen baki, tana hawaye tana haɗiya. Idanun ne suka fi ba ni tsoro, domin ciwon kan manne fatar ido ya bar mutum da makanta, shi ya sa ban taɓa bari lokacin ɗiga maganin ido ya wuce ba.

Ta tashi, Alhamdulillahi, da tabo a baya da bushewar ido. An rubuta sunan maganin a katinta na asibiti, an kuma gargaɗe ta da Fansidar tunda danginsu ɗaya. Yanzu ko ciwon kai ya kai ta gaban likita, katin take fara nunawa kafin a rubuta mata komai.