Tarihin Rayuwata Kashi Na 6: Ranar Da Aka Cire Min Bandeji

Assalamu alaikum 'yan uwa, satin da ya wuce mun tsaya ne inda aka kira Yaya a waya akace an samu koniyar da za'a dasa min a ido mu zo da sassafe. Wanda bai karanta na baya ba, koniya ita ce fatar nan mai kamar gilashi dake gaban baƙin ido, kaurinta kusan rabin milimita ne kawai amma in tayi hakiya toh haske bazai wuce ba. Tawa gyambo ne ya bar mata farin tabo, shekara 4 ina lalube da idon dama.

Aikin kansa ba abinda zan iya faɗa dan bacci aka sa ni, bai kai awa 2 ba. Daga baya likita yake min bayani wai an yanke tsakiyar tawa zagaye kamar maɓalli aka ɗora sabuwar aka kama da ɗinki 16, zaren ko gashin kai ya fishi kauri.

Washegari aka ɓare bandeji. Wallahi ni a raina na ɗauka ina buɗewa zan ga komai tar, sai naga hazo kawai ga hawaye na ta zuba ga haske na sukana, kawai na fashe da kuka nace Umma bai yi ba, ita ma jikinta yayi sanyi ta riƙe hannuna tana cewa kiyi shiru 'yar nan. Likita ya ɗaga hannu gaban fuskata yace Malama yatsu nawa? Nace uku. Yace jiya kina iya ƙirgawa? Sai nayi tsit. Yace gani a hankali yake dawowa, watanni ne, ɗinkin ma sai ya shekara ko fiye kafin a fara cirewa, kuma tun 1905 aka fara cin nasarar wannan dashe, abinda yasa jiki bai cika ƙinsa kamar na ƙoda ba shine koniya bata da jijiyoyin jini. Amma fa yace yana iya ƙi, dan haka maganin ɗigawa ba wasa, ba murza ido, in naga ja ko zafi ko haske ya dameni ko gani ya ragu in dawo a ranar kar in jira.

Daren nan ban runtsa ba, ba dan ciwo ba. Tunanin mai idon nake, wani bawan Allah da ya rasu, danginsa suna cikin zafin rashi amma suka yarda a cire a bawa wadda basu taɓa gani ba. Ban san sunansa ba, ba'a faɗa, har yau in na ɗaga hannu sai na sashi a addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa.

Sati 3 da sallama na tashi da asuba naji idon yayi nauyi, Umma na kallona tace subhanallahi yayi jajir. Sati mai zuwa in sha Allah zan baku yadda muka kwashe.