Gem kawai zai buga: abin da gyaran kwamfuta ya koya mini

Cikin ayyukan da ake kawo mini shago a nan Gusau, akwai wanda ba ya yankewa: mutum ya zo da laftof ya ce a saita ta yadda ƙanensa ko ɗansa ba zai iya yin komai a kanta ba sai buga gem. Galibi sai ɓarna ta auku ake zuwa. Ko an goge furojet ɗin makaranta, ko an cika na'urar da tarkace har ta daina motsi.

Yawancin laftof na hannu da ake saye da asusu ɗaya suke zuwa, na admin, kuma babu kalmar sirri. Kowa ya buɗe, shi ne mai gida. Don haka nakan fara sa wa mai na'urar kalmar sirri, sannan in buɗe wa yaron nasa asusun daban, irin wanda Windows ke kira Standard. Tun daga Vista a 2007, mai irin wannan asusu idan ya nemi girka babbar manhaja ko sauya saitin na'ura, sai an tambaye shi kalmar sirrin admin. Ba kuma zai iya leƙa Documents ɗin wani ba. Sai dai mutanenmu na son tara takardu a ɓangaren D na ma'ajiyar kwamfuta, shi kuwa a buɗe yake ga kowane asusu idan ba a taƙaita shi ba. Nan ne ake yawan yin asara.

Kulle komai a bar gem kaɗai ya danganta da irin Windows ɗin. A Windows 7 akwai saitin kula da yara da ke aiki ba tare da intanet ba: ka zaɓi manhajojin da aka yarda da su, ka yanka sa'o'i. Daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, saitin da ake kira Family Safety sai da asusun Microsoft na babba da na yaro, kuma sai da intanet ake sauya saiti. Duk wanda ya ga lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 ya san ba a jingina komai kan intanet a nan. Mai Windows Pro yana da Group Policy, inda ake rubuta sunayen manhajojin da za su buɗe. A kula a ɗora dokar kan asusun yaron kaɗai, in ba haka ba har mai na'urar za ta kama. Kuma sunan manhaja kawai dokar take dubawa, yaro mai wayo zai iya sauya wa burauza suna ta wuce.

Amma babban abin da na gane shi ne, ta gem ɗin kansa ɓarnar ke shiga. Waɗanda ake turawa a filashi mafi yawansu fasassu ne, wato waɗanda aka karya wa kulle don a buga ba a saya ba, wajen girkawa sukan nemi izinin admin, wasu ma sai an kashe Defender, manhajar Windows mai tare bairos. Wata ɗaliba ta dawo mini da laftof ɗinta cike da bairos tana cewa, "Injiniya, wanga yaro ya sake ɓata ta, mi ya faru?" Ashe zuwa ya yi ya ce, "Yaya, sa mini lambar nan sau ɗaya kawai," ita kuma ta danna a gabansa yana kallon yatsunta. Wannan na ci mini rai, domin aikin da aka yi mai kyau ne, tausayi ne ya buɗe ƙofar. Yanzu nakan ce mai na'ura ya zauna mu girka gem ɗin tare, mu duba alamar PEGI, lambar da ke nuna shekarun da suka dace a buga shi. Na ƙwallo yawanci 3 ne, GTA V kuwa 18 ne, iyaye da yawa ba su taɓa lura ba.

Ina kuma roƙon a bar wa yaron manhajar koyon taifin da wurin rubutu. Tun 2015 jarabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da hannunsa ya saba da madannai ba ya rikicewa a ɗakin jarabawa. Kafin su tafi nakan kira shi in nuna masa abin da aka rufe da dalilin rufewar, a gaban yayarsa ko mahaifinsa, sannan a yi yarjejeniya kan ranar da za a duba a ƙara masa wani abu.