Auna farfaɗowar daji bayan gobara

Abu biyu ake aunawa, kuma an cika gwama su: abin da wuta ta kasa cinyewa, da saurin da daji ke komawa yadda yake. Ba ɗayansu da zai aunu in ba ka da lissafin kafin wuta.

A jejin da ke gefen Afaka, kusa da Kaduna, muka yanki filaye masu mita 20 kowane gefe, tun cikin Oktoba ciyawa na tsaye. Kowane fili yana da ɗan'uwansa da muka share wa kewaye don kada wuta ta tsallaka. In babu shi, ba ka sanin ɓarnar ta wuta ce ko ta ƙarancin ruwan shekarar. Turakun katako muka fara kafawa. Gara ta ci rabi, wuta ta ƙarasa. Rodi ake sawa, a shafa masa fenti.

Doka, maje, kaɗanya da ɗorawa, kowace mun auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, muka rataya mata lambar ƙarfe. Ciyawa kuwa, firam mai mita 1 muke ajewa wuri biyar, mu yanke ƙasa-ƙasa, mu busar a na'ura kan zafin digiri 70 na kamar awa 48, har nauyin ya daina raguwa. Ɗanyar ciyawa ruwa kake aunawa.

Babban kuskurenmu ƙirga matattun itatuwa a watan Maris. Ƙaramar doka sai ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, ka kankare ɓawon da wuƙa ka ga a bushe, amma ruwa na sauka ta fito da toho daga gindi. Sai bayan damina ake yanke mata hukunci. A kuma rubuta ranar wutar, don ta Nuwamba lasa kawai take yi, ta Fabrairu kuwa har rassa take kaiwa.

Koren ganye ma yana ruɗi. Hoton tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-2 ya nuna filin ya koma shar, da muka shiga da ƙafa sai ga tofa ta mamaye inda gamba take. Nauyi ya dawo, irin bai dawo ba. Tun daga nan muke ware ciyawar kowane firam iri-iri kafin a ɗora ta kan sikeli, muna kuma ƙirga kashin shanu, saboda sabon toho kan janyo garke, sai a ɗora wa wuta laifin kiwo.